Tafiyar fadama: yadda aka yi wa gaban baburina walda

Damina ta kankama sosai lokacin da abokina ya nemi in raka shi duba wata gona da ke can ƙuryar fadama, inda mota ba ta isa sai da rani. Muka ɗora baburanmu masu taya huɗu a bayan akori-kura har inda kwalta ta ƙare, muka sauke su muka kama burji. A shingen shiga daji wani ma'aikaci ya karɓi takardunmu ko sallama bai amsa ba, ya yi ta juya su yana ɓata mana lokaci. Na ce, "Yallaɓai, yaya hanya take a gaba?" Ya ce shi ba ɗan jagora ba ne. Har yanzu abin yana ci mini rai. Mutumin da kullum yake zaune a bakin hanyar nan ya san inda ruwa ya cinye, kalma biyu daga bakinsa za su hana bayin Allah kwana a daji, amma yana ganin girmansa zai zube idan ya faɗa.

Ni dai a ƙasa mai yashi na saba tuƙi, inda ruwa yake sauka ya shanye kafin ka gama ɗaure takalmi. Lakar fadama wata aba ce daban: baƙa, mai danƙo, tana cike tsagin taya har ya koma sumul. A wani kwazazzabo na kafe. Cikin babur ya zauna a kan taɓo, tayoyin baya suna haƙa rami, tayar gaba ta hagu tana ta wulwulawa a cikin ruwa tana watsa mini laka a fuska. Ita kuwa ta dama, wadda ta taka saiwar bishiya mai ƙarfi, ko motsi ba ta yi. Ina kallonta da idona, ina ƙara totur, tana tsaye ƙyam. Abokina nasa babur yana da maɓallin kulle gaba, wanda ke tilasta wa tayoyin gaba su juya tare, dannawa kawai ya yi ya haye, ya dawo ya ja ni da igiya. Haka muka yi ta yi har la'asar.

A wani ɗan ƙauye da ke gefen ruwa muka faɗa hannun wani dattijo mai walda, wanda ke gyaran garma da injin ban ruwa a rumfar da ke ƙofar gidansa. Ganin yadda muka yi buɗu-buɗu da laka, ya sa yara suka ɗebo mana ruwan wanka, ya ba mu ɗaki, bai ma tambayi daga ina muke ba sai da muka huta. Da na ba shi labarin tayar da ta ƙi juyawa, sai ya yi murmushi ya jawo wani tsohon difarenshal, wato kwandon giyoyin da ke raba wa tayoyi biyu juyin inji, daga ƙarƙashin benci, ya sa yatsa ya juya ƙananan giyoyin da ke tsakiyarsa.

"Ɗana, waɗannan ne suke cin amanarka a taɓo, kuma su ne suke cetonka a kwana."

Bayaninsa ya zauna mini. Idan babur zai sha kwana, tayar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki, shi ya sa aka sa giyoyin nan don kowace taya ta juya da saurin da take buƙata. To amma ƙarfin juyi daidai suke raba shi. Idan taya ɗaya tana cikin santsi, ɗan ƙarfin da ya ishe ta wulwulawa shi ne iyakar abin da ɗayar za ta samu, ko da a kan dutse take. Yawancin baburan aiki ba su da wannan matsala a baya, domin tayoyin biyu a haɗe suke, tare suke juyawa. A gaba take. Maganin da ya kawo shi ne walda: narke giyoyin take yi ta haɗe su wuri ɗaya, tayoyin gaba su zama dole su juya tare.

Abokina, wanda ya fi ni bin labarin injuna, ya ce a Amurka har suna aka laƙaba wa wannan dabara, Lincoln locker, saboda injin waldar kamfanin Lincoln Electric. Ya ce Suzuki ne ya fara fitar da babur mai taya huɗu a 1982, Honda ya kawo mai jan duka huɗun a 1986, kuma a kan Grizzly 660 na 2002 Yamaha ya sa maɓallin kulle gaba. Yawancin na Polaris kuwa ba su da giyoyin da za a yi wa walda, wani tsari ne dabam ke kama tayoyin gaba idan na baya suka fara zamewa. Akwai na'urar kullewa da ake saya a ɗaura wa tsohon babur irin nawa, kuma ita ce ta fi, don ana iya sakinta. Amma a bakin fadama, da gona a gaba, ina za a same ta?

Na ce, "Baba, a yi." Bai tashi nan take ba, sai da ya gaya mini abin da zan rasa: walda ba ta komawa, kan babur zai yi nauyi, shaf ɗin tayoyin gaba, wato sandar da ke juya taya, zai riƙa shan wuya. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Masu sana'a da yawa aikin kawai suke karɓa, kai ka gano sauran a hanya.

Da safe ya kwance gaban, ya tsiyaye man giya, ya ciro kwandon giyoyin daga gidansa na alminiyam. Wankewa ta fi komai cin lokaci, don ya ce walda ba ta kama ƙarfe mai maiƙo. Abokina ya miƙa masa gwangwanin feshin wanke birki, dattijo ya duba jikinsa ya mayar masa. Irin mai sinadarin kulorin ne, idan wutar walda ta taɓa shi yana fitar da iskar guba mai suna fosjin. Ya cire boris ya ajiye gefe, ya rufe haƙoran babbar giyar da ramin da shaf ke shiga don kada tartsatsi ya manne. Ya ɗumama ƙarfen tukuna, saboda giya ƙarfe ne da aka ƙarfafa, idan wuta ta same shi da sanyi tsagewa yake. Sannan ya ɗauki sandar walda mai lamba 7018 ya riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan, nan da can, yana juya kwandon don kada zafi ya taru a gefe ɗaya ya lanƙwasa shi. Da ya gama bai tsoma shi a ruwa ba, binne shi ya yi a busasshen yashi ya huce a hankali. Ya kankare ƙazantar walda tas, ya haɗa, ya zuba sabon mai. Kuɗin aiki kawai ya karɓa, na masauki kuwa ya ce kada ma in tayar da maganar.

A taɓo babur ya zama wani abu dabam. Wuraren da jiya sai an ja ni, yau da ƙaramar giya nake ratsa su, tayoyi huɗu suna kama ƙasa tare. A wani mashigi ma ni na ja abokina.

Da muka hau tudu mai tsandauri sai maganar dattijo ta fito fili. Tsakanin tayoyin gaba kusan mita 1 ne, wato a zagaye ɗaya cikakke tayar waje tana buƙatar ƙarin kusan mita 6 a kan ta ciki, ga shi yanzu babu abin da zai ba ta wannan damar. Sai babur ya riƙa neman miƙewa ina juya shi, tayoyi suna kartar ƙasa, kan yana fizgar hannuna duk lokacin da taya ɗaya ta daki dutse. Na mayar da shi jan taya biyu, nauyin ya ɗan ragu amma bai tafi ba, domin farfela, wato sandar da ke kai juyin inji gaba, kawai ake cirewa daga aiki, tayoyin gaba suna nan a haɗe da juna. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba da wuta alhali kai yana murɗe har ƙarshe, don a nan ne mahaɗin shaf yake ɓallewa. Wanda baburinsa ke yawo a kan kwalta da gangaren dutse, ban ba shi shawarar ya kusanci wannan aiki ba ko kaɗan.

Gonar mun same ta lafiya, ruwa bai taɓa ta ba sai gefe ɗaya. Dawowa ta wata hanya muka biyo, mai tsawo amma busasshiya, a hankali nake tafe. Na riga na sa a nemo mini wani kwandon giyoyin na hannu, in rani ya shigo in mayar da shi, wanda aka yi wa waldar kuma in ajiye shi sai damina.