Asabar, saƙon Inna ya iso

Direba ya kira ana shirin azahar, wai sun wuce Jaji, in fito tashar Kawo, nan Kaduna, in karɓi saƙo. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu da man shanu. Auta ce ta haɗa kayan, kuma hannunta ya faɗa. Daddawa a leda biyu, can gefe nesa da garin kunu, don in suka sha zafin but tare tun daga Katsina har Malumfashi da Funtuwa da Zariya, kunun zai yi ta warin daddawa har ya ƙare. Man shanu a robar ruwa, an sa leda a baki kafin a murɗa murfi. An rubuta suna da lambar waya a jikin buhun, ba a takarda ba, takarda yagewa take yi. Mai aiko saƙo ya karɓi lambar direba da ta mota, ya biya kuɗin tun can. Mai karɓa kuma ya riga motar isa tasha, don direba ba ya jira, in ya juya sai neman buhu a wajen 'yan kamasho.

Na biya kasuwa na sayo wa Inna citta, tunda ta kudancin Kaduna take so. Sai Litinin cittar za ta tafi.

Da la'asar na ɗora tuwon shinkafa. Girkin mutum ɗaya yana da wahalar da ba a faɗa. Gwangwanin madara ɗaya na shinkafar tuwo ya isa, malmala biyu yake bayarwa, ruwa gwangwani huɗu, wuta ƙasa-ƙasa. Matsalar ƙaramar tukunya ita ce ruwa yana ƙonewa shinkafa ba ta yi laushi ba, shi ya sa ake ajiye ruwan zafi a kusa ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In aka zuba na sanyi dahuwar ta koma baya, a tuƙa a ji tsaki-tsaki. Miya kuwa ruwa kofi biyu, daddawa ɗaya a daka da tarugu da albasa, a bari ta dahu sosai kafin kuka. Kuka cokali biyu, a rage wuta, ana barbaɗawa ana kaɗawa da maburgi, in an juye ta lokaci guda gudaji za ta yi. Kada a yi da yawa. Miyar kuka in ta kwana tsinkewa take yi, ga wuta ba tabbas balle a dogara da firji.

Na soya man shanun da albasa, ƙamshi ya cika ɗaki, raina fes. Bayan magariba na kira in yi godiya.

"Inna, saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma."

"Amin 'yar nan. Kin taɓa kukar?"

"Har na yi tuwo."

"Madalla. Ke da wa kuka ci?"

Na ce ni kaɗai. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "To, Allah ya kyauta." A bayanta ina jin ƙarar kwanuka, yaran Yaya suna rigimar nama, wani yana sallama a zaure. Ba da wata manufa ta tambaya ba, a wurinta ba a cin tuwo mutum ɗaya. Amma tambayar ta zauna mini a ƙirji har yanzu.

Abin da na lura da shi, kewar gida tana da lokutanta. Ranar aiki ba ta cika matsawa ba. Tsakanin magariba da isha'i take zuwa, lokacin da a gida ake rabon abinci, sai Juma'a bayan an sauko masallaci, sai in jiki ba daɗi babu mai cewa sannu. Kuma waya ba ko da yaushe take magani ba. Kiran da aka yi ana tsakiyar hidima, kowa ya karɓa ya ce "ya aiki" ya miƙa wa na gaba, ƙara nisa yake yi. Wanda ya fi shi ne na bayan sallar asuba, gida shiru, Inna tana kan darduma, sabis ma ya fi kyau. A nan ake jin wa ya haihu, wa ba shi da lafiya, kafin labari ya tsufa.

Ɗaya malmalar na zuba a kwano na kai wa matar ɗakin ƙarshe. Ta yi murna, ta yi godiya, ɗanta ya dawo da kwanon a wanke. Gidan haya ne, kowa da garinsu da yarensu, kowa ya dawo a gajiye ya ja ƙofa. Ban ga laifin kowa ba. Sai dai in ba wanda ya fara miƙa kwano, haka za a shekara ana gaisuwar bakin famfo kawai.

Hazo ya sauko. Ba wuta. Wanki yana nan.

Sunan jaririyar Yaya ranar Alhamis ne, ina da aiki, kuma hanyar ba ta tafiyar dare ba ce balle in je in dawo. Na tura wa Auta kuɗin atamfa da na data, na ce ta yi cajin wayarta tun daren Laraba, in an raɗa suna ta fito tsakar gida inda sabis ke kamawa ta kira ni.