Taurari sun yi mini wutsiya shekara biyu

Ƙannena da ke tambayata yadda ake ɗaukar hoton sararin sama, bari in fara muku da daren da na fi jin takaici. Watan Janairu ne, sanyi ya kama sosai, na ɗauki kaya a bayan babur na fita bayan gari ta hanyar Mirriya don in tsere wa fitilun Damagaram. Niyyata in ɗauki Kaza da ƴaƴanta. Na buɗe idon kyamara na minti biyu-biyu har sau talatin, hannuna ya sandare. Da na koma gida na duba a kwamfuta, babu tauraro ko ɗaya da ya fito ɗigo. Kowanne ya ja wutsiya kamar ƙwayar shinkafa. Nan take na yanke hukunci cewa injin da ke juya mazaunin madubin hangen nesan ne ba shi da kyau, tunda na hannu ne na saya. Wannan hukunci shi ya ci mini shekara biyu, da kuɗin da na kashe wajen canza inji da baturi, alhali laifin yana hannuna.

Ku fara fahimtar abin da kuke kokawa da shi. Duniya na kammala juyi ɗaya cikin awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4, wato sama na gusawa digiri 15 kowace awa. Ido ba ya lura, amma kyamara ba ta yafewa. In kana da gilashi mai milimita 50 kuma kyamarar a tsaye take, bayan kamar daƙiƙa 10 taurari sun fara jan layi. In mai milimita 200 ne, ko daƙiƙa uku ba za ka samu ba. Aikin mazauni mai inji shi ne ya juya kyamara a kan sanda ɗaya, da saurin juyin duniya amma ta kishiyar hanya. Sharaɗin kuwa guda ne: dole sandar nan ta kalli tsakiyar da sama ke kewayawa a arewa. In ta kauce, ko injin na miliyan nawa ne, zai bi hanyar da ba ta taurari ba.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka Tauraron Arewa shi ne tsakiyar. Yana kusa da ita, amma ya kauce da kusan kashi biyu cikin uku na digiri, fiye da faɗin cikakken wata. Shi ma kewayawa yake a ɗan ƙaramin da'ira. Ni kuwa da na sa shi a tsakiyar ƙaramin madubin saiti sai in ce na gama. Manhajar Stellarium, wadda kyauta ce, tana nuna inda yake a kan da'irar a kowane lokaci, amma ban taɓa dubawa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sannan mu a nan muna da namu nauyin da waɗanda suka ƙera kayan a Turai da Sin ba su cika tunawa da shi ba. Damagaram tana kan digiri 13.8 arewa da tsakiyar duniya, don haka Tauraron Arewa bai wuce kusan digiri 14 daga ƙasa ba. Ka miƙa hannu ka dunƙule, dunƙule ɗaya da rabi ke nan. Gini ko bishiyar dogonyaro ta isa ta rufe shi, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu, in hazo ya sauka, sai ka yi mako ba ka gan shi ba ko da tsakiyar sama a buɗe take. Ga kuma wata: da na kwantar da sandar ƙasa-ƙasa haka, ƙarfen nauyi, wanda ke rataye yana daidaita nauyin madubin, sai ya riƙa bugun ƙafar mazaunin ta arewa. Maimakon in gyara, sai na bar sandar a digiri 17 na ce ai bambancin kaɗan ne. Digiri uku ba kaɗan ba ne, shi ne shinkafar da na gani. Daga baya na juya kan mazaunin yadda ƙarfen zai sauka tsakanin ƙafafu biyu, na rataya buhun yashi a tsakiya don kada kayan su rinjaya gaba su kife.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne saiti ta hanyar lura da zamewar tauraro, wanda ba ya buƙatar ganin Tauraron Arewa ko kaɗan. A nan nake so ku tsaya ku natsu. Ka kunna inji, ka zaɓi tauraro da ke ta kudu, daidai layin da ya raba gabas da yamma, kusa da layin sama da ke daidai saman tsakiyar duniya. A lokacin sanyi taurari ukun nan da ke jere a ƙugun tarin taurarin da ake kira Oriyon sun dace, domin suna kan layin da ake so, kuma a wurinmu suna hawa har kusan digiri 75. Ka sa shi a tsakiyar allon kyamara, ka ƙara girman hoton, ka zuba masa ido minti biyar. Kada ka kula da motsinsa gabas ko yamma, arewa da kudu kawai za ka duba. In ya zame kudu, sandarka ta yi gabas da yawa. In ya zame arewa, ta yi yamma. Ka murɗa notin gefe kaɗan, ka maido shi tsakiya, ka sake jira. In ya tsaya, sai ka koma kan wani tauraro da ke ƙasa-ƙasa a gabas. Shi kuma in ya zame kudu, sandar ta kwanta da yawa, a ɗaga ta. In ya zame arewa, a sauke ta. Madubi yakan kifar da hoto, saboda haka kafin ka fara ka ɗan tura bakinsa wajen arewa da yatsa, gefen da sababbin taurari suka shigo shi ne arewa. Ranar farko na yi awa ɗaya da rabi a kai, ƙafata ta yi tsami, amma a daren na ga ɗigon farko mai zagaye a hoton minti biyu. Na daɗe ina kallonsa.

Yashi ma ya cuce ni ba tare da na sani ba. Ka gama saiti lafiya, bayan rabin awa ƙafa ɗaya ta nutse da milimita biyu, aikin ya ɓaci. Allah Ya hore mana duwatsu a garin nan, ku yi amfani da su. Yanzu a kan falalen dutse nake kafawa, na ɗiga fenti a inda kowace ƙafa ke zama, kashegari ba sai na fara daga tushe ba. In dole a yashi ne, a binne bulo uku a daddanne su. A kan rufin bene kuwa, takunka kaɗai ya isa ya girgiza hoto, ka danna ka koma gefe ka zauna.

Sai bayan duk wannan ya kamata a waiwayi injin. Shi ma yana da nasa aibin na gaskiya. Giyar da ke cikin nawa haƙora 144 gare ta, ƙaramin ƙarfen da ke tura ta yana kammala juyi cikin kusan minti 10, kuma da yake babu ƙarfen da aka fere shi daidai ɗari bisa ɗari, tauraro na ɗan yin gaba da baya a kowane zagaye. Hoton da ya lalace shi zai gaya maka mai laifi, in ka iya karanta shi. Layi miƙaƙƙe arewa da kudu saiti ne. Ja gabas da yamma wanda ke zuwa a wasu hotuna ya ɓace a wasu, giya ce. Ƙugiya ko tsalle, iska ce ko waya da ta maƙale. Ni da goge hotunan nake yi cikin fushi, ashe shaiduna nake korewa. Ku ajiye su, ku rubuta abin da kuka taɓa a daren, kuma kada ku canza abu biyu lokaci guda.

Wajen daidaita nauyi, a bar ɓangaren gabas ya ɗan fi nauyi kaɗan, don haƙoran giya su kasance a manne suna turawa, ba suna lilo ba. Ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da giris takan zama kamar tuwon yashi. Nakan buɗe sau ɗaya a shekara in wanke da kananzir in sa sabo, sannan in rufe mazaunin da zane duk lokacin da ba ya aiki. Baturin babur mai bolt 12 yana riƙe ni dare guda, muddin na cika shi.

Akwai ƙaramar kyamara ta biyu da ake haɗawa da manhajar PHD2, ta riƙa gyara bin sawun da kanta. Tana da amfani, amma ban ba ku shawarar fara ta kanta ba. Na fi son ku ɗauki hoto sittin na daƙiƙa 30, ku tara su su zama hoto ɗaya da manhajar Siril ko DeepSkyStacker, a kan ku nace sai minti biyar a bugu ɗaya ku zubar da rabi.

Wanda ba shi da kuɗin mazauni kada ya zauna jira. Katako biyu da pata ta ƙofa sun isa. Ka sami dogon ƙarfe mai zare na M6, wanda kowane murɗi ke tura shi milimita ɗaya, kafinta ya huda masa gurbi milimita 228 da rabi daga tsakiyar patar. Ka sa sandar patar ta kalli Tauraron Arewa, kyamara a kan katakon sama, ka riƙa murɗawa juyi ɗaya a minti kana bin tsinken daƙiƙa na agogo. Bayan kamar minti goma yakan fara kaucewa, sai ka maido shi baya ka sake. Da gilashi mai milimita 50 zai ba ka Kaza tsaf. Ku shirya shi tun cikin damina, domin Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama kuma hazo bai iso ba, su ne dararen da Tauraron Arewa ke fitowa sarai a saman duwatsu, kuma Kaza na hawa sama sosai kafin tsakar dare.