Sai an zana kafin a ɗora bulo

Wani Alhaji mai shaguna a Kantin Kwari, da sito biyu, da reshe a Maraɗi, ya shigo ofishinmu na masu tsara manhajojin kwamfuta kwanakin baya. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Ɗana, manhaja nake so ta haɗa min komai. Nawa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sai mun yi mako biyu muna bin yaranka da biro da takarda tukuna." Ya yi dariya, wai akwai yaron da zai gama masa duka cikin sati, a kuɗin da bai kai na tayoyin motarsa ba. Na ce albarka.

Ba na ganin laifinsa. Abin da ido ke gani shi ne allo mai kala da maɓallai masu sheƙi, kuma wannan kowa na iya kwafowa daga intanet ya canza suna. Namu aikin a ƙarƙashin ƙasa yake. Ina ne asalin lissafin kaya zai zauna, don kada sito ya ce dila arba'in, shago ya ce talatin da takwas? In sabis ya ɗauke a Maraɗi, ciniki ya tsaya ke nan? Mu mukan sa kowane reshe ya ci gaba da rubutu a kwamfutarsa, bayanan su yi layi, sabis na dawowa su wuce babban rumbun bayanai ɗaya bayan ɗaya. Cinikin sefa kuwa ana ajiye shi da canjin ranar da aka yi shi, ba na yau ba.

Abin da na fi alfahari da shi ƙarami ne. Kowace hada-hada muna ba ta lambarta tun kafin ta bar wayar mai saye. Ya danna sau uku saboda haushi, sau ɗaya za a cire kuɗinsa. Wanda ya ga farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da jama'a suka rufta kan taransifa da POS, manhajojin bankuna suka riƙa sumewa, a cire maka kuɗi mai shago bai ga alat ba, ya san darajar wannan lamba.

A Legas na koya, wajen wani dattijo mai faɗa. Wata uku bai bar ni na rubuta komai a kwamfuta ba. Akwatuna da kibiyoyi kawai nake zanawa a farin allo, wato sassan manhaja da yadda suke haɗuwa, ya zo ya nuna ɗaya ya ce, "Wannan ta mutu ƙarfe biyun dare. Sai me?" In na yi shiru ya goge duka. Na sha yin kuka a bas. Yau irin tambayar nake wa yarana, har sun laƙaba min ita.

Su kuwa masu arahar, rabin aikinmu gyaran ɓarnarsu ne. Na taɓa buɗe wani tsari na tarar da BVN da NIN na dubban mutane a fili, ba kulle, kalmar sirrin shugaba kuma lambar wayarsa ce, alhali dokar kare bayanai ta 2023 tana nan. Ajiyar ko-ta-kwana, wato kwafin bayanan a wani wuri dabam, babu. Wanda ya haɗa ya canza layi.

Alhaji dai ya kira shekaranjiya, yana tambaya ko mako biyun nan za a iya mayar da shi kwana goma. Ranar Litinin za mu fara da sito.