Rayuwata a Sana'ar Harawa, Kashi na 9: Ranar da Mai Saye Ya Dawo da Koke

Assalamu alaikum masu karatu. A makon jiya mun tsaya a kan ɗaurin dami. Yau kuma sai abin da ya fi haɗa mai harawa faɗa da masu kiwo, wato mutum ya dawo bayan kwana uku ya ce, "Malam, harawar nan raguna sun ƙi ci." An fi jin haka a bazara da gabanin Babbar Sallah, lokacin da dami ya yi tsada.

Ba a gardama a bakin rumfa. A ce masa, "Alhaji, mu je in gani." Can gidansa sai a ɗauko dami uku da ba a taɓa ba, na sama da na tsakiya da na ƙasa, a kwance su a gabansa.

Idan bayan damin lafiya lau, amma cikinsa ya yi baƙi ya dunƙule, farar fumfuna na tashi kamar toka, ga warin ruɓa, to laifin mai sayarwa ne. An ɗaure ta ba ta gama bushewa ba, ta yi gumi a ciki. Harawar wake ta fi faɗawa wannan, domin ganyenta kan bushe alhali yaɗon na riƙe da ruwa. Shi ya sa kafin ɗauri ake karya tsinke: in ya karye ƙas ta bushe, in ya lanƙwashe da saura. Irin wannan harawa ba maganar rage kuɗi a kanta. A kwashe ta, a musanya masa ko a mayar masa da kuɗinsa. Kada a ce ya gauraya ta da dusa ya lallaɓa, tana sa dabba ciwo, doki kuwa har tari take sa shi.

In kuma daga waje ɓarnar ta shiga, ƙasan dami ya jiƙe ko gara ta yi gini, ajiyarsa ce. Ya jibge a ƙasa, ruwan farko ya doke ta. A faɗa masa cikin lumana, a nuna masa ya ɗora a rumfa ko kan soro.

Wani kokensa tsinke ne zalla, ba ganye. Yana da gaskiya, ganyen shi ne abincin. A duba inda aka sauke kayan. In ga garin ganye a ƙasa, da tsakar rana aka yi lodi ya kakkaɓe, maimakon da asuba lokacin da harawa ke da laushi. A nan a dami goma akan ƙara masa ɗaya ko biyu.

Wanda ba ni ɗaga ƙafa a kansa shi ne algus: kara ko ciyawa a cusa tsakiyar dami, ko ƙasa a buhun harawar gyaɗa. Ko daga manomi ya zo haka, wanda ya karɓi kuɗi shi zai biya, daga baya ya koma wa manomin. Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ciki, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

In an kasa daidaitawa, a ɗauki damin da aka kwance a je gaban sarkin kasuwa tare da dillalin da ya haɗa cinikin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun bashi.