Ɗan Maraɗi a garejin Katsina: ni da Golf GTI

Duk wanda na ce wa zaman ƙasar waje nake yi a Katsina sai ya yi dariya. Daga Maraɗi zuwa nan ba ta kai tafiyar rabin yini ba, ko da an haɗa da tsaye-tsayen shingayen hanya. Harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, kuma sarkinmu na can har yau Sarkin Katsina ake ce masa, don kakanninsa daga birnin nan suka fita bayan jihadi a farkon ƙarni na 19. Amma ka wuce Ɗan Isa, ka shigo Magama ta Jibiya da jakar kayanka da niyyar zama, ranar za ka san cin kasuwa daban, zama daban.

A Maraɗi na koyi kanikanci, a gefen filayen da ake jibge motocin Kwatano kafin su shigo Najeriya. Mota ta sha doguwar hanya daga bakin teku, ta biyo ta Gaya, dole a duba ta kafin mai saye ya zo, mu kuma a nan muke samun na cefane. Da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017, filayen suka fara bushewa. Motocin da na saba taɓawa duk suna wannan ɓangaren, sai na biyo su.

Farkon zuwana ba mota ce ta ba ni wahala ba, ɗaki ne. Mai gidan haya zai gaisa da kai faran-faran, ya ba ka ruwa, amma da ya ji daga Nijar kake sai ya ce wa zai tsaya maka. Ban ga laifinsa ba. Sai kuɗi: kaina ya saba lissafin sefa da dala da jika (sefa dubu), in mai shayi ya faɗi kuɗinsa sai na tsaya juyawa a zuci, shi kuma yana kallona. Ga maganar asusun banki da rajistar layin waya, kowanne da takardar da yake nema. Wani dattijo mai gareji, wanda duk muke ce wa Baba, shi ya karɓe ni gwaji, ya bar ni ina kwana a ɗakin ajiyar kaya. Da aurena da ɗana, aikina wanke noti da fetur da miƙa sifana. Na yi shiru na yi, da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya fara ba ni mamaki a tashoshin Katsina shi ne yawan Golf. Ita ce motar haya: biyu a gaba, huɗu a baya, buhu a but, murfin but ɗin a ɗage an ɗaure da igiya. Kuma a cikin garken nan, jefi-jefi, sai in hango GTI, wadda ba irin sauran ba ce, direbanta ma bai san abin da yake riƙe da shi ba. Abin da ya sani kawai, "wannan tana da wuta."

Ni na san su ne ta hannun maigidana na Maraɗi, wanda a Agadas ya tashi. Yana saurayi lokacin da tseren Paris-Dakar ke ratsa hamadar Tenere, ya ga Peugeot 205 Turbo 16 da idonsa, wadda Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan ya ci tseren da ita a 1987, kamfanin ya sake ci da ita a 1988. Waccan siffar 205 kawai gare ta, injinta a bayan direba yake, kuma duk tayoyi huɗu ke ja. Amma ita ta sa masa son ƙanwarta ta kan titi, 205 GTI, wadda ta fito a 1984 da inji mai lita 1.6, daga baya aka yi mai lita 1.9 da ƙarfin doki 130. Yana da tarin tsofaffin mujallun mota na Faransanci, in aiki ya yi sauƙi ya buɗe ya yi ta ba mu labari. Daga bakinsa na ji yadda abin ya faro. Wasu 'yan tsirarun ma'aikatan Volkswagen a Jamus suka ɗauki Golf, motar cefane da kai yara makaranta, wadda ƙaramin injinta doki 50 ne, suka riƙa yi mata aiki a gefe ba tare da hayaniya ba. Suka sa mata inji mai lita 1.6 da injekta, ya ba da doki 110, a jikin da nauyinsa bai wuce kilo 810 ba. Suka rage mata tsayi, suka ƙarfafa sifirin da birki, suka zagaye hancinta da jan layi. An nuna ta a Frankfurt a 1975, ta shiga kasuwa a 1976. Kamfanin guda 5,000 ya yi niyyar ƙerawa, sai ga shi ƙirar farko kaɗai an sayar da fiye da 460,000. Dalilin bai da wuyar ganewa: magidancin da kuɗinsa na mota ɗaya ne ya samu wadda za ta ɗauki iyali da kaya ranar aiki, ranar hutu kuma ta bi bayan manyan motoci a titunan Jamus da wasu sassansu ba su da iyakar gudu.

Wata rana aka turo wata Golf 2 garejinmu, ja ce amma rana ta cinye fentin. Tana tashi da ƙyar, in an taka totur ta shaƙe. Direban ya riga ya yanke hukunci tun daga tasha.

"Baba, a cire wannan tarkacen a sa mata kafireto, kowa ya huta."

Haka ake yi, kuma Baba ya yi wa motoci da dama. Na leƙa cikin bonet na ga siraran bututan mai sun fito daga kan rabon mai sun nufi inji, na san K-Jetronic ce, na'urar injekta ta kamfanin Bosch, irin wadda na sha buɗewa a Golf da Marsandi a Maraɗi. Na matsa kusa da Baba na rage murya.

"Baba, a ba ni ita zuwa gobe."

"Kai ɗan Nijar, in ka ɓata wa mutum mota ni ba ni da kuɗin biya."

"In ta ƙi, ni zan ɗaura kafireton da hannuna, kada a ba ni ko sisi."

Wannan na'ura ba ta da ƙwaƙwalwar lantarki, duk aikin ƙarfe ne da matsin mai. Akwai wani faranti zagaye a cikin mazurari. Iskar da inji ke zuƙa ita ke ɗaga shi, shi kuma ya tura wani siririn ƙarfe a cikin kan rabon mai, gwargwadon ɗaguwarsa gwargwadon man da zai tafi wa kowace silinda. Na cire robar iska, na ɗaga farantin da yatsa, na ji yana cijewa. Siririn ƙarfen ne ya kama da dauɗa, don motar ta daɗe tana shan man jarka na 'yan bumburutu, matatar man kuwa da alama tun ta Turai ce. Na zare shi a hankali, na wanke da fetur mai tsabta a kan farin ƙyalle. Ba a goga masa komai mai kaushi, ko ɗan ƙarce ya samu ya tashi aiki. Na sa sabuwar matata, na zura injekta huɗun kowace a kwalbarta, na kunna famfo na ɗaga faranti, na duba ko man da suka zubar ya zo daidai. Ɗaya tana fitsari maimakon feshi, na nemo ta gwanjo na musanya. Da aka murza makulli, yaran gareji suka bar abin da suke yi.

Baba bai ce komai ba a lokacin. Da yamma ya kira ni ya ce, "Gobe ka ɗauko akwatin kayanka ka dawo inuwar nan." A satin ne kuma ya je da kansa wurin wani mai gidan haya ta wajen Ƙofar Ƙaura ya ce shi ne ubana a garin nan. Labari ya bi tasha, duk mota mai injektar da ta gagara sai a ce a kai wa ɗan Maraɗi. Da wannan na ɗauko iyalina.

Yanzu da na zama ɗan gida zan iya faɗin abin da ke raina. Yadda muke yi da GTI a nan, dokin sukuwa ne aka ɗaura wa mangala. Duk abin da ya mai da ita GTI, in ban da inji, shi muke fara warwarewa. Gajartar da ke sa ta riƙe kwana ita ke sa kaskon baƙin mai ya daki tudun rage gudu ko bakin rami, don haka a ɗaga ta, a cusa mata sifirin ɗin wata babbar mota a baya saboda lodi. Faffaɗar taya tana da tsada, a sa siririya ta gwanjo. Birkin baya ya fara ciwo, a toshe bututunsa a ce na gaba ya isa. Inji kuwa yana nan da ƙarfinsa, ko doki 139 na Golf 2 mai bawul 16, ko 150 na Golf 3 mai lambar inji ABF. Ƙarfin nan da mutum bakwai da buhunan masara a kan birki biyu, a hanyar da akuya ke tsallakawa ba sallama. Ɗaga mota ban hana ba, hanyarmu ce ta ce a yi. Amma wanda ya ce in toshe masa birki, sai dai ya canza gareji, kuma wasu sun canza.

Sai maganar tamostat mai daidaita zafin inji, wadda muka fi yin musu a kanta da abokan aiki. Kusan kowa ya yarda cewa ta ƙasar sanyi ce, da mota ta shigo a cire a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. A motar kafireto kana iya sha. Mai injekta kuwa tana auna zafin ruwa, in ta ji inji bai yi ɗumi ba sai ta yi ta ƙara mai, musamman da asubar hunturu. Fulogi ya yi baƙi, mai ya tafi a banza, direba ya dawo yana zagin Bature. Lagireto mai tsabta da fanka mai tashi a kan lokaci sun ishe ta zafin Afrilu.

Akwai kuma 'yan kwalliya. Haruffan nan uku na GTI ana sayar da su a shagon sitika, yaro ya manna wa Golf ɗinsa mai lita 1.6 ya sa salansa mai ƙara. Mai saye ya duƙa ya ƙirga notin taya: Golf 3 GTI ta gaskiya biyar gare ta, ta gama-gari huɗu, kuma birkinta na baya faifai ne. Waɗannan samarin su ne ke ja wa motar baƙin jini da wasan mota ranar ɗaurin aure, a ja birkin hannu a tsakiyar jama'a. Washegari su zo da bal-joyin a karye, uba ya biya.

Wadda na fi so a cikinsu VR6 ce, silinda shida a jikin Golf 3, lita 2.8, doki 174. Dabarar da aka yi, an matse layukan silinda biyu da kusurwar digiri 15 kacal har kai ɗaya ya rufe su, shi ya sa ta shiga inda aka tanada don silinda huɗu. Wani Alhaji yana da ita, yana kawo mini duba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya rufe ta da tamfol, yana yawo a babur.

Shekarar nan ta 2023 ita ta tuna mini ni baƙo ne. Sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi. Mahaifiyata na Maraɗi, ni ina nan, tafiyar da nake yi in dawo a yini ta koma sai waya. A gareji wani ya tsokane ni ya ce in shirya, su za su fara kama ni. Baba ya ɗago daga ƙarƙashin mota ya ce, "Wa zai yaƙi wa? Ni rabin dangina suna can." Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024, amma kafin nan naira ta riga ta faɗi. Da na zo, jika ɗaya ba ta kai naira dubu ba, sai ga ta ta haura dubu biyu. Aikina ya ƙaru, abin da ke isa hannun tsohuwa ya ragu. Da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, na tattara takarduna da na yara na sa a leda ɗaya, ina duba ranar ƙarewar kowacce.

Sababbin ƙirar sun fara shigowa hannun 'ya'yan masu hali. Golf 5 GTI ta 2004 turbo gare ta, doki 200, wasu da giyar DSG mai kuloci biyu. Su Civic Type R da GR Yaris ta Toyota a waya kawai nake ganinsu. Waɗannan ba a gane ciwonsu da yatsa da kwalba, sai an jona na'ura, na'urar kuma Turanci take yi, ni Faransanci na ɗan taɓa a makaranta. Ɗana da ke firamare a nan shi ke karanta mini bayan la'asar, ina ba shi na alawa. Wani yaro ya kawo Golf 5 ɗinsa mai DSG kwanan baya tana fizga in za ta tashi. Na ce masa man giyar nan ana canza shi duk kilomita 60,000, kuma nata na musamman ne, sai an aiko daga Kano. Ya ji kuɗin, ya ce, "Oga, ba za a zuba na otomatik ɗin da ke kasuwa ba?" Na ce a'a. Ya ja motarsa ya ce zai yi shawara da babansa.