Mako na shida: bambancin yana can wutsiya

Abokan koyo, barkanmu da warhaka. Na gano abin da ya ɗaure mini kai tun makon jiya, kuma laifin nawa ne, kwamfuta ba ruwanta.

Ga waɗanda suka same mu a hanya: ina koyon auna yadda darajar lada ke zubewa a idon mutum idan aka ce masa sai ya jira. Tsari biyu nake gwadawa. Na Paul Samuelson, na 1937, ya ce kowace rana kaso iri ɗaya take zaftarewa daga abin da ya rage. Na James Mazur, na 1987, wanda ya samo daga gwajin tattabaru, shi ne V = A/(1 + kD). V darajar ladan a idon mutum yanzu, A girman ladan ke nan, D kwanakin jira, k kuma gajen haƙurin mai zaɓin.

Na ƙirƙiri bayanan gwaji da kaina a R, manhajar lissafin ƙididdiga, bisa tsarin Mazur, lada 100, k ɗin 0.05, na ɗan yamutsa lambobin don su yi kama da amsar mutane. Sai na ɗora tsarin biyu a kai da nls, umarnin R da ke nemo layin da ya fi dacewa da bayanai. Abin haushi, duka suka zauna daram, kamar don su aka yi. Kwana uku ina zargin nls.

Da na gaji, na ɗauki biro da takarda. Na daidaita layukan biyu su kai rabi, wato 50, a kwana 20. A kwana 10 Mazur ya ba da kusan 67, Samuelson 71. A kwana 30, 40 da 35. Tazarar da 'yar yamutsawar da na yi ta isa ta haɗiye! Ni kuwa jira mafi tsawo da na saka kwana 30 ne. Da na kai shi kwana 180, Mazur na riƙe da 10, Samuelson ya gangara 0.2. Ashe can ne suke raba gari. Duk mai tsara tambayoyi a cikinku, don Allah ya sa wata shida da shekara guda, ko da sun yi masa kamar sun yi nisa.

Abin da ya fi burge ni shi ne sauya ra'ayi, wanda George Ainslie ya yi bayaninsa tun 1975. Da wannan k ɗin, 50 yanzu ya fi 100 bayan kwana 30, tunda darajar wancan 40 ce. Ƙara wa kowanne kwana 60: ƙaramin ya koma 12.5, babban kusan 18. Mutum ɗaya, tazara ɗaya, amma ya juya. A lissafin Samuelson hakan ba ya taɓa faruwa. Na ga kaina a ciki, ni da ke ɗaukar alkawarin tashi da sassafe kowane dare.

Wata 'yar dabara: a tsarin Mazur, 1/k shi ne kwanakin da daraja ke komawa rabi, ya fi k sauƙin faɗa wa mutum.

Mako mai zuwa zan gwada tambayoyi 27 da masani Kirby ya tsara don auna k ɗin mutum, in kuma koma aiki da logaridam ɗin k, wanda ke matse manyan lambobi, domin mutum biyu masu tsananin gaggawa sun isa su ja matsakaicin kowa sama.