Laraba: littafin Briony da ɗan kunnen Umma

Bayan sallar asuba ban koma barci ba. 'Yan shafuka ne suka rage mini a Atonement, littafin Ian McEwan da ya fito a 2001, na ce bari in ƙarasa kafin yara su tashi. Da na kai ƙarshe na kife shi a cinya na yi shiru, har ruwan shayin da na ɗora ya kusa ƙonewa.

Labarin Briony Tallis ne, yarinya mai shekara 13 a wani gidan masu hali a karkarar Ingila, cikin zafin 1935. Ta hango wasu abubuwa tsakanin yayarta Cecilia da Robbie Turner, ɗan mai aikin gidansu, ta fassara su da hankalin yarinta. A daren nan aka yi wa 'yar uwarta Lola fyaɗe a cikin duhu. Briony inuwar mutum kawai ta gani, amma ta tsaya gaban 'yan sanda ta ce Robbie ne. Aka ɗaure shi. Daga kurkuku sai soja, daga nan sai gudun ceton rai zuwa Dunkirk da ke gaɓar tekun Faransa a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka kwashe sojoji sama da 330,000 ta teku. Ita kuwa da ta girma ta gane abin da ta aikata, sai ta bar zancen jami'ar Cambridge ta shiga aikin jinya a asibitin St Thomas na Landan, tana wanke fo da raunukan sojoji har hannayenta suka tsattsage.

Jiya na kwanta da sanyin zuciya, domin na karanta inda ta je ɗakin da Cecilia ke haya a unguwar Balham ta Landan, ta tarar da su biyun tare, da ransu. Robbie ya zayyana mata abin da zai wanke shi: ta je ta faɗa wa iyayenta gaskiya, ta yi rantsuwa a rubuce a gaban lauya, ta rubuto masa duk yadda abin ya faru. Yau da safe sai ga Briony a 1999, tsohuwa mai shekara 77, likita ya shaida mata cewa tunaninta zai riƙa gushewa, tana faɗin cewa ziyarar nan ba a yi ta ba. Ita ta ƙaga, domin ashe marubuciya ta zama, labarin nan duka littafinta ne. Robbie ya mutu a Bray-Dunes kusa da Dunkirk ranar 1 ga Yuni 1940, miki ya sa masa guba a jini. Cecilia ma bom ya kashe ta a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Balham a shekarar. Paul Marshall, mai masana'antar cakulan, wanda shi ne ainihin mai laifin, ya auri Lola, suka tsufa cikin daula, kuma ba dama a buga littafin suna raye saboda shari'ar ɓata suna.

Na tausaya mata, Allah ya sani. Amma duk yinin nan a wurin aiki abu ɗaya ke cin raina. Sharuɗɗan da ta sa a bakin Robbie ai ita ta rubuta su, ashe ta san sarai abin da ake bin ta. Shekara biyar tana da dama tun yana da rai. Ta iya wahalar da kanta a asibiti, ta iya shekara 59 tana gyara rubutu, amma ƙwanƙwasa ƙofar yayarta ya gagare ta. Kuma wahalar da ta sha ba ta rage wa Robbie ko kwana ɗaya a kurkuku ba, ba ta share wa mahaifiyarsa Grace hawaye ba.

Na san dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a wuya. Ina da shekara 11 na ɗauki ɗan kunnen zinarin Umma na gwada a madubi, ɗaya ya suɓuce ya faɗa bayan sif. Da aka tashi nema, tsoron duka ya sa na ce na ga almajirin da ke mana ɗebo ruwa ya fito daga ɗakin. Aka kai ƙara wurin malaminsu, aka zane shi, bai ƙara taka gidanmu ba. Briony ko ba komai a lokacin ta ɗauka gaskiya take faɗa. Ni ina sane. Bayan wata biyu na zaro ɗan kunnen da tsinken tsintsiya na tura shi ƙarƙashin katifa don a ce tsintarsa aka yi. Na yi istigfari ba adadi, nakan ba almajirai abinci da shi a raina, alhali tun a Islamiyya an koya mana cewa haƙƙin bawa sai bawan ya yafe.

Da la'asar na biya gida. Na tarar da Umma tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna a bakin tabarma na ce, “Umma, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita.” Na faɗa mata tiryan-tiryan, ban rage komai ba.

Ta ajiye farantin. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ke 'yar nan, ni fa na aika aka kira malamin. Da bakina na ce a hukunta shi.” Ban taɓa kawo wa raina cewa na jawo ta cikin alhakin ba, sai da na ga idonta ya cika.

Ta tuna sunan yaron, ni da na jefa shi cikin bala'i na manta. Ta ce malamin ya rasu tuni, amma babban ɗansa ne ke riƙe da makarantar yanzu, watakila ya san garinsu. Na ce zan je ranar Asabar da safe.

“Ba ke kaɗai ba,” in ji ta. “Ki biyo ki ɗauke ni.”

Yanzu ƙarfe sha ɗaya ta wuce. Na rubuta sunansa a takarda na saka a jakar da zan fita da ita.